TATTALIN DA MUKE JIN KUNYAR FAƊA: WA YA BIYA KUƊIN DA KA RAGE?

(Wannan shi ne rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari murya ba. Kun ga ma tun daga nan mun shiga maganar.)

Jama'a masu saurarenmu a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka ta wajen Dungas da Magarya, da 'yan ci-rani da ke jin mu daga Kano, Abuja da Legas, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa.

Yau ba ni da baƙo. Maganar da za mu yi irin wadda baƙo ba ya yarda a zauna a yi da shi ce, don kowa da nasa kason a ciki. Za mu yi magana ne kan dabarun rage kashe kuɗi, irin waɗanda muke yi a ɓoye, idan aka kama mu muna yi mu fara kame-kame. Ba zan kama sunan kowa ba, ku kwantar da hankalinku. Idan ka ji na kwatanta ka, ka yi dariya tare da jama'a, babu wanda zai gane.

Tambaya ɗaya kawai nake so ku riƙe min har ƙarshen shirin. Duk nairar da ka rage, wa ya biya ta?

To, mu fara da yadda aka yi muka zo nan. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mu kuma nan aka ƙara mana da namu na daban. A ƙarshen Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, wadda shanu da raƙuma da masu saye da yawa daga can suke zuwa, ta yi sanyi, sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da sama da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Kuma tun kafin wannan, rahoton hukumar na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa a ƙasar nan, Jigawa kuma tana cikin jihohin da abin ya haura kashi 80 cikin 100. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ku gaya min, a ƙauyukanmu mutum nawa ne ma ke ɗaukar albashin?

Wannan shi ne filin da muke wasa a kai. Yanzu mu zo kan 'yan wasan.

Mu fara da waya. Akwai ƙwararru a filashin, waɗanda yatsansu ya fi na kowa sauri. Wayarka ba za ta gama ƙara ɗaya ba ya katse. Ka kira shi, ya ɗauka da murya mai nauyi, “Af, na ga kamar ka neme ni.” Kai da katinka, shi da zancensa, kuma ƙarshen zancen rance zai nema. Akwai mai yawo da caja a aljihun riga kamar carbi. Duk inda ya shiga, kafin ya gama sallama idonsa ya gama zagaye bango yana neman soket. Masallacin da aka sa wa sola, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen fita. Dubiya asibiti kuwa ba ya wasa da ita: “Sannu, ya jikin? Allah Ya ƙara sauƙi. Wannan soket ɗin yana aiki kuwa?”

Data kuma tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kowa ya zama mai gadi. A kunna, saƙonni su shigo, a kashe, a karanta, a rubuta amsa, a kunna, ta tafi, a kashe. Ƙannenmu ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel sun san wannan karatun. Sha biyun dare za ka ga fuskoki suna haske a duhu, garaɓasar dare ake jira a sauke abin da za a karanta, da abin da za a kalla.

Mu shiga cikin gida. Makilin ya ƙare, an matse, an naɗe, an taka da ƙafa, daga ƙarshe a sa reza a farke cikinsa, ya ƙara kwana huɗu. Ni ma ina yin wannan, kuma ba ni da niyyar dainawa. Guntun sabulu ba a yar da shi, a manna shi a bayan sabon, ya hau kamar ɗa a bayan uwa. Ledar burodi a wanke, a shanya a kan igiya tare da kayan yara. Gwangwanin madara a zuba masa ruwan zafi a girgiza, a ce ai akwai saura. Ganyen Lipton ɗaya, da safe ya yi shayi, a rataye shi, da dare ya sake komawa bakin aiki. Batirin tocila ya mutu, a shanya shi a rana, wani ma har ya ɗan cije shi. Silifa ta tsinke, ƙusa tana nan. Kaya ba guga, a ninke a sa ƙarƙashin katifa, nauyinka ya yi aikin. Ranar Juma'a kuma a biya ta wajen mai turare, “Malam, ɗan shafa min wannan in ji.” A shafa a hannun dama. “Wancan fa?” A shafa a na hagu. “To, bari in dawo bayan masallaci.” Mai turaren ya sani, kai ma ka san ya sani.

Sai gwanjo. Kowa yana sawa, babu mai yarda. Ka yaba rigar mutum, ya ce, “Wallahi wani yayana ne ya aiko min.” Wannan yayan, jama'a, shi kaɗai yake tufatar da rabin samarin masarautar Gumel, kuma har yau ba wanda ya taɓa ganinsa.

Masu babur, na zo kanku. Ƙasarmu a shimfiɗe take kamar tabarma, ba dutse ba tudu, amma sai da kuka nemo gangara. Tun daga kwanar layi za ka ji inji ya yi shiru, mutum yana sulalowa har ƙofar gida kamar ɓarawon kansa. Mai ya ƙare a hanya, a kwantar da babur a gefe ɗaya, a girgiza, a buɗe tanki a hura da baki, ya ƙara kai ka inda Allah Ya nufa. Kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru duk an fito da su, an kai wa mai faci. Wanda kuma ba shi da ko ɗaya, ranar Alhamis zai tsaya a bakin hanyar Maigatari yana danna waya kamar mai jiran wani, alhali duk wanda ya sani ya zo wucewa, “Ranka ya daɗe, a rage min hanya mana.”

Abinci kuwa, a nan aka fi fasaha. Awara ta samu ƙarin girma, yanzu ita ce nama. Samari suna da lissafinsu na sifili-ɗaya-sifili: ba safe, akwai rana, ba dare. Akwai mai ziyarar da agogonsa bai taɓa kuskure ba, ana sauke tukunya yana sallama. A ce bismillah, ya ce, “A'a, alhamdulillahi, yanzu na tashi daga kai.” A sake cewa, ya ce, “To bari in taɓa don albarka.” Albarkar nan sai ta kai gindin kwano. Akwai mai zuwa ɗaurin auren da bai san ango ba bai san amarya ba, da leda a aljihu. Akwai mai zagaya kasuwa da ɗanɗane, nan gyaɗa, can dabino, gaba ƙuli-ƙuli, ya fita ta ɗaya ƙofar a ƙoshe. Akwai kuma mai jira sai kasuwa ta fara watsewa da almuru, lokacin da mai tumatir ya fi son ya rabu da kayansa da ya koma da su gida.

To, mun yi dariya. Yanzu ku dawo min da tambayata. Wanda ya farke makilin, wa ya biya? Babu kowa. Mai ƙusa a silifa, mai wanke leda, mai keke, mai rigar gwanjo, mai cefanen almuru, wa suka cuta? Ba su cuci kowa ba. Abin da kawai ya taɓu shi ne girman kai, shi kuwa ba a cefane da shi.

Kuma wallahi ba mu muka fara ba. Iyayenmu mata da haka suka raine mu. Bayan an kwashe amfanin gona su bi da kala, ƙwaya-ƙwaya har a cika ƙwarya. Tuwon jiya ya zama ɗumame, ƙanzo a jiƙa, dusa ta tafi wajen akuya, toka ta yi wanke-wanke, kara da kashin shanu su yi girki. Zogale, rama, tafasa da yaɗiya, waɗanda wasunmu suka fara ɗaga wa hanci bayan sun je makaranta, yau likitoci ne ke cewa a koma musu. A gidan da aka san tattali, abu ba ya mutuwa sau ɗaya.

Masu kuɗin ma da muke kallo haka suke. Ingvar Kamprad, ɗan ƙasar Suwidin da ya kafa kamfanin kayan ɗaki na IKEA, wanda ya rasu a 2018 yana cikin manyan attajiran duniya, da bakinsa ya ce kayan jikinsa a kasuwar gwanjo yake sayensu. Warren Buffett na Amurka yana zaune a gidan da ya saya tun 1958 a garin Omaha. Nan kusa da mu, Alhassan Ɗantata, wanda ake ba da labarin ya kai ajiyar sulallan azurfa kayan raƙuma 20 banki a Kano a 1929, an san shi da sauƙin rayuwa. Idan mai kuɗi ya yi sai mu ce hikima ce, har a rubuta a jarida. Idan ɗan'uwanmu ya yi a majalisa mu sa masa suna. Ku duba wannan rashin adalcin da muke yi wa kanmu.

Wajen ajiyar abin da aka rage ma muna da namu salon. Asusun ƙasa, lalita, bakin zani, cikin matashin kai, gwangwani a binne a ɗaka. Sauyin kuɗi ya tona wannan asirin. Da Babban Banki ya sa wa'adin 31 ga Janairun 2023 ga tsofaffin takardun 200, 500 da 1,000, duk wanda ya ga layin banki a Gumel a kwanakin nan ya ga abin mamaki. Tsofaffi daga ƙauyuka da kuɗi a ƙulle a tsumma, wasu na warin hayaƙi, wasu sun yi danshi, wasu gara ta fara rabonta. Kotun Ƙoli ta zo a watan Maris ta tsawaita wa'adin, amma darasin ya riga ya shiga. Ko gara ba ta ci kuɗinka ba, tsada tana cinsu a inda ka ɓoye su. Shi ya sa na fi jinjina wa matar da ta kwashi adashi ta sayi tunkiya, ko ta ɗaure ɗan rago a turke tana jiran Babbar Sallah. Ita ba ta karanta ilimin tattalin arziki ba, amma ta gane cewa takarda tana ramewa, tunkiya tana haihuwa. 'Yan kasuwar bakin iyaka kuma wasunsu sefa suka koma ajiyewa, saboda ita a ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta zube kamar yadda naira ta zube ba.

Duk wannan kaso na farko ne, wanda babu wanda ya biya. Yanzu mu zo kaso na biyu, inda murya za ta ɗan canja.

Akwai tattalin da wani ne yake biya. Mai filashin ɗin nan, kuɗin kiran bai ɓace ba, aljihun abokinsa ya koma. Wannan mai sauƙi ne, abota ta gaji haka. Amma magidancin da zai ajiye wa matarsa kuɗin cefanen da ya san ba za su kai ba, ya ce “a yi maneji, gari ba daɗi,” sannan da dare a gan shi a teburin mai shayi, Indomie biyu ƙwai uku, ya goge baki kafin ya shiga gida, wannan fa? Ya rage kuɗi, gaskiya ne. Matar ce ta cike giɓin da kuɗin ƙuli-ƙulinta da na kitsonta, in ba ta da su kuma cikin yaran ne ya biya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Jigawa sun tsumbure, wato kusan biyu cikin kowane uku. Ban ce duk laifin iyaye maza ba ne, talauci gaskiya ne. Amma ɗan abin da ya samu, wa yake fara ci a gidan?

Haka wanda zai sa yaro aikin gona tun safe har azahar, lokacin biya ya ce “ka dawo gobe,” goben da ba ta zuwa. Haka mai taya kayan tsohuwar da ta taho a ƙasa daga ƙauye da ɗan zoɓonta ko riɗinta, ya ga rana ta yi, ya san dole ta sayar, ya murƙushe ta a ciniki, ya zo majalisa yana alfahari ya iya sayayya. Haka mai cire yarinya daga makaranta don kuɗin littafi da na sabulu, a ɗora mata tallan da ribarsa ba ta kai kuɗin katinsa na mako ba. Wannan sunansa rowa, wani ma zalunci ne, ko da an sa masa rigar tattali. Kuma abin haushi, wannan kason ba ma jin kunyarsa kamar yadda muke jin kunyar ƙusa a silifa.

Kaso na uku shi ne wanda jikinka yake biya. Zazzaɓi ya kama mutum, ya je kyamis ya ce a ba shi na ɗari biyu. Ko a rubuta masa maganin cizon sauro, wanda ƙa'idarsa sha shida ne cikin kwana uku, ya sha na rana ɗaya, ya ji dama-dama, ya ɓoye sauran wai sai wani ya kwanta. Bayan mako biyu zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa, abin da aka guje wa kashewa a ninka shi a gadon asibiti. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ma haka, shan rabi-rabi yana cikin abin da ke sa su daina aiki. Gidan sauron da aka raba kyauta, ka je ka same shi an kewaye ɗan lambu da shi ko an rufe 'yan tsaki, yara kuma suna kwance a fili. Mai ciki a hana ta zuwa awo don kuɗin babur. Saurayi ya hau can saman motar shanu don ya rage kuɗin mota zuwa Kudu.

Ƙarshen wannan hanyar mun gan shi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, a daren 15 ga Oktoban 2024. Tankar mai ta faɗi, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu a kwanakin farko, adadin kuma ya ci gaba da ƙaruwa, akasarinsu matasa irinmu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Ba na cikin masu zaginsu daga cikin ɗaki mai sanyi. Lokacin lita ta kai naira dubu, wanda ya ga mai yana malala a kwata abincin gidansa na mako ya gani. Amma dole mu gaya wa juna gaskiya: babu jarkar da ta kai ran mutum. Ka ga tanka ta faɗi, ka yi nesa, ka ja na kusa da kai.

Akwai kuma wani abu da nake so mu lura da shi, shi ne talauci kansa tsada gare shi. Mai hali ya sayi buhu, marar hali ya sayi gwangwani-gwangwani, in ka tara a wata sai ka ga marar halin ya fi biya. Man ƙulli, sukarin ƙulli, omon ƙulli, duk haka ne. Mai mota ya sha mai a gidan mai, ɗan acaɓa ya saya a kwalba wajen 'yan bumburutu da ƙari a kai. Mutanen Maigatari sun fi kowa sanin wannan, tun Nuwamban 2019 da hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ka cire kuɗi kaɗan-kaɗan a POS, kowane zuwa da ladansa. Manomi ya sayar da geronsa da kaka lokacin da yake araha saboda bashi ya taso, ya dawo da damina ya sayi geron nan dai da tsada. A Fabrairun 2024 BBC ta ba da labarin yadda mutane a Kano suka koma cin afafata, shinkafar da masu casa ke warewa a da a sayar wa masu kiwon kifi. Wanda ya kai nan, ba dabara yake yi ba, tilas ce.

Maganin tsadar ƙulli ɗaya na sani, kuma ba sabo ba ne: haɗa hannu. Gida biyar su haɗa kuɗi su sayi buhu da kaka su raba da kwano, don ci, ba don ɓoyewa a jira tsada ba. Mata huɗu su sayi jarkar mai ɗaya. Samari uku masu zuwa kasuwa ɗaya su yi karo-karon man babur. Adashin da muke yi don biki, mu yi irinsa don abinci da magani, a samu uwar adashi mai amana, a rubuta komai a littafi.

Da na ambaci biki, bari in taɓo inda kunyarmu ta ɓata hanya. Mutumin da ke ɓoye cewa rigarsa ta gwanjo ce, shi ne zai sayar da gonar gado ya yi lefen akwati goma. A ci bashi a yi anko kala uku, a yi kamu, a yi dina, a ɗauko mai hoto, bayan wata biyu amarya tana aika wa gidansu a sammata garin tuwo. A ranto kuɗin wayar da ta fi ƙarfin mutum don kada a raina shi a majalisar da kowa a cikinta bashi ke binsa. Shekara guda kana rataye ganyen shayi, ka zo ka ƙone abin da ka tara a wuni ɗaya don mutanen da gobe ba za su tuna kalar shaddarka ba. Addininmu ya hana rowa, ya hana almubazzaranci. Mu kuma mun iya haɗa su biyun a gida ɗaya, rowa a ciki, almubazzaranci a waje.

Kada kuma wani mai riƙe da muƙami ya ji shirin nan ya ce, “Yawwa, ku ci gaba da maneji.” A'a, ranka ya daɗe. Talaka ya farke makilin, ya hau keke, ya koma awara, nasa ya yi. Saura naku. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To mu matasan ƙananan hukumomin nan huɗu muna da haƙƙin mu tambaya, cikin ladabi kuma a rubuce: nawa ya shigo a wata? Nawa aka kashe a asibitin mazaɓa, nawa a famfo, nawa a firamare? Idan akwai magani a asibitin ƙauye, ba wanda zai sha rabin ƙa'ida. Idan famfo yana aiki, kuɗin 'yan garuwa ya koma tukunya. Wanda yake ce wa jama'a su ɗaure ciki, a fara ganin ɗaurin a ayarin motocinsa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo a wannan makon. Na ɗaya, tattalin da bai cuci kowa ba, a daina ɓoye shi, a daina yi wa mai yinsa dariyar raini. Aka yaba rigarka, ka ce gwanjo ce, ka faɗi inda ka samo, wataƙila ka taimaki wani. Na biyu, kowane magidanci da kowane saurayi ya zauna ya duba abin da yake ragewa, ya tambayi kansa wa ke biya. In matarka ce, ko ɗanka, ko yaron aikinka, ko lafiyarka, ka nemi wani wajen ragewar, ka fara da teburin mai shayi. Na uku, ka nemi mutum huɗu da ka yarda da su kafin kaka ta zo, ku yi maganar buhu.

Ku aiko mana da naku dabarun, musamman iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, don na san abin da na lissafa bai kai rabin abin da kuka sani ba. Ba za mu faɗi suna ba, alƙawari ne. Wanda kuma zai kira mu, don Allah ya kira sosai, layin shirin ba ya bin filashin.

Allah Ya yassare mana, Ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu, Ya ba mu damina mai albarka da shugabanni masu tausayi. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.